Rabin Waƙar da Nana Hajriya Ta Riƙe

A Orlitsa, in ka ga tsohuwa ta fito da sassafe ta ɗaura kallabinta mai kyau, ba biki za ta ba, awon jini za ta wurin Sista Ramiza. Shekara talatin da ɗaya ke nan Ramiza tana riƙe da ɗakin shan maganin ƙauyen: ɗaki biyu, gado ɗaya, da murhun itace mai hayaƙi. Likita yana hawowa daga gari ranar Laraba in hanya ta yarda. In dusar ƙanƙara ta toshe dutse kuwa, Ramiza ce likita, ita ce ungozoma, ita ce mai zama da mara lafiya har Allah ya yi ikonsa.

Tsofaffin yankinmu na Gora suna da wani hali. Da sun hango abin awo, sai jininsu ya hau tun ba a taɓa su ba. Tun tana sabuwar ma'aikaciya Ramiza ta gano maganin abin. Sai ta rufe ƙofa ta ce, "Nana, yi min waƙa ɗaya kafin in matsa." Nana muke ce wa kowace tsohuwa. Tsohuwa ta yi ta noƙewa, ta ce ita da ta aurar da 'ya'ya ina ita ina waƙa, sannan ta gyara murya. Kafin a kai baiti na uku jini ya sauka, rikodar Ramiza kuma tana juyawa a kan tebur da yardar mai waƙar. Da haka ta tara kaset fiye da ɗari biyu a akwatin aurenta: waƙoƙin lalle, na kai amarya, na bikin bazara, na rarrashin jariri. Rabin masu muryoyin nan suna maƙabarta yanzu. Mijinta Mursel, wanda ya yi ritaya daga koyarwa, yakan ce ya auri mace ɗaya ya tarar da tsofaffi ɗari biyu a ƙarƙashin gado.

Sai ga takarda daga gunduma: za a rufe ɗakin shan maganin a ƙarshen shekara, wai mutum tamanin da bakwai ne kawai ke kwana a Orlitsa. Ba ƙarya suka yi ba, in da hunturu aka ƙirga. Mazanmu tun kakanni 'yan ci-rani ne, suna can Belgrad da Skopiya da Viyana suna gasa burek, burodin nan mai nama a ciki, suna dama kunun da ake kira boza, suna yanka baklawa mai zaƙi. Sai da rani suke dawowa da iyalansu a yi bukukuwan aure, ƙauye ya cika ya batse har a rasa wurin ajiye mota. Amma tamanin da bakwai ɗin nan su ne masu hawan jini da ciwon sukari, kuma daga Orlitsa zuwa gari tafiyar awa guda ce a kan hanyar da ko akuya sai ta yi bismilla.

Ramiza ta rubuta wasiƙu har biro ya ƙare. Daga ƙarshe wani ma'aikaci ya tausaya mata ya ce, "Sista, a zauren majalisa ake yanke irin wannan, ku kuwa ba ku da kowa a ciki." Ta dawo gida ta ce wa Mursel za ta tsaya takarar kansila. Ya ajiye kofinsa ya dube ta, ya ga ba wasa take ba, ya tashi ya nemo takarda ya fara lissafi. Ƙuri'a wajen ɗari biyu da hamsin ake buƙata. Sunayen 'yan ci-rani duk suna cikin rajistar ƙauye, amma zaɓe a watan Oktoba ne, su kuwa ƙarshen Agusta suke tafiya. Wa zai rufe shago ya yi tuƙin kwana guda don ya jefa takarda a akwati?

Ga kuma Behadin, wanda suka zauna benci ɗaya a firamare, yanzu mai shagunan kayan zaƙi huɗu a Belgrad da tumbin da ya dace da su. Shi ma kujerar yake so, ya yi alkawarin filin ƙwallo mai fitilu.

"Sista," in ji shi da suka haɗu a bakin famfo, "ki tsaya a kan allurarki mana. Siyasa ba ɗuwawun tsofaffi ba ce."

"Filin ƙwallon naka wa zai buga?" ta ce. "Babana Sadik da sandarsa, ko mahaifiyarka a gola?"

"Zan kawo masu algaita da ganga daga gari ranar taron neman ƙuri'a. Ke me za ki kawo? Ma'aunin zafi?"

Maganar ta tsaya mata a rai, don gaskiya ya faɗa. Ramiza ta iya yi wa mutum ɗaya magana har ya sha magani mai ɗaci yana godiya, amma in mutane suka wuce biyar harshenta ɗaurewa yake. Ta san tana da abin da ya fi algaita. A cikin kaset ɗinta akwai guda ɗaya da ba ta taɓa saurara ba tare da ta share ido ba: muryar Nana Hajriya, shekara ashirin da suka wuce, tana rera waƙar rakiya. Ita ce waƙar da mata ke yi wa maza a bakin gadar dutse a da, lokacin da ake tafiya ci-rani a ƙafa da jaka a kafaɗa. Tun da motoci suka zo aka daina. Ramiza ta ce a ranta, waƙa ce ta ƙauyen da ake tafiya a bari, in wannan ba ta taɓa zuciyarsu ba babu abin da zai taɓa. Ta yi niyyar zuwa ta nemi izini, sai ta tuna halin tsohuwar, ta san a'a za a ce mata. Don haka ba ta je ba. Ta lallashi kanta da cewa Nana za ta ji daɗi in ta ga mutane suna kuka da muryarta.

Ranar Lahadin ƙarshe ta Agusta, bayan la'asar, dandalin da ke tsakanin famfo da masallaci ya cika. Masu algaitar Behadin suka busa har jijiyar wuyansu ta fito, aka raba baklawa a faranti. Da aka zo kan Ramiza ta hau kan benci, ta ce za a rufe asibiti, ta ce iyayenku ne a ciki, sai magana ta ƙare mata. Ta yi wa Mursel alama, ya danna rikoda.

*Hanya, ga nawa na ba ki,*
*ba kyauta ba ne, aro ne.*
*Dutse, sunkuya ya wuce,*
*ruwa, kada ka riƙe ƙafarsa.*

Da farko abin ya tafi yadda ta so. Dandali ya yi tsit, matasa suka ɗaga wayoyi, wani ƙaton mai gasa burek ya juya baya yana goge fuska da hula. Sai ta lura da tsofaffin mata. Ɗaya ta miƙe tana salati, ta jawo jikokinta biyu ta danna kawunansu cikin zaninta. Wata ta ɗaga hannu tana cewa a kashe, a kashe. Mahaifiyar Behadin, mai shekara tamanin da biyu, ta yi ɗage ta cusa yatsu cikin kunnuwan ɗanta, shi kuwa yana ta fizgewa yana cewa, "Inna, mutane na kallo!" Can gefe Nana Hajriya ta tashi daga kujerarta, ba ta dubi kowa ba, ta dogara sandarta ta bi lungu. Kafin Mursel ya gano inda ake kashewa, waƙar ta kai ƙarshe.

Ranar Litinin ba tsohuwar da ta zo awo. Ranar Talata motoci suka yi ta gangarawa har ƙauye ya koma yadda yake. Ranar Laraba likita ya hawo, ya sha kofi, ya koma bai ga kowa ba. Ramiza ta zauna ita kaɗai da murhu, kunya tana cin ta. Ba maganar ƙuri'a ba ce yanzu. In tsofaffin nan suka ƙaurace wa ɗakin, ita da hannunta ta rufe shi tun kafin gunduma ta rufe.

Ranar Alhamis ta ɗauki jakarta ta hau gidan Nana Hajriya. Ta tarar da ita a tsakar gida tana jera barkono a zare.

"Nana, na zo duba ki."

"Lafiyata lau. Ki je dandali ki sanar a lasifika."

Ramiza ta durƙusa. "Na yi laifi. A ɗaki kika ba ni, ƙofa a rufe, na kai ta gaban masallaci. Ki yafe min."

"Wannan ƙaramin laifin ne," in ji tsohuwar. "Muryata ta fita, to, ta fita, ai ba tsirara na yi ba. Ke dai da ake cewa kin fi kowa sanin waƙoƙinmu, ashe ba ki san abin da kika ɗauka ba. Ranar da na yi miki ita, me na fara tambayarki?"

Ramiza ta yi tunani. "Kin ce ko akwai mai shirin tafiya a gidanmu."

"Kika ce babu, shi ya sa na buɗe baki. Waƙar nan rabi ce, 'yar Sadik. Rabin fita ke nan. Duk wanda aka yi wa ita yana shirin tafiya, an ba hanya aronsa. Sai ranar da ya dawo wadda ta rera ta tare shi a bakin gada, ta yi masa ɗaya rabin, ta kira sunansa ya amsa, sannan an karɓo shi. Ba a barin ta a buɗe har ƙanƙara ta sauka a shekara ta biyu, gara ma a rufe tun kafin ta farko. Ke kuwa kin tara gari guda, kowa da jakarsa a ɗaure, kin sa na miƙa wa hanya su duka. Har da ɗana Nazif."

Ramiza ma'aikaciyar lafiya ce, ba ta yarda waƙa tana kifar da mota ba. Amma a lokacin ta ga girman kuskurenta. Shekara talatin tana tara waƙa, ba ta taɓa tambayar me ake yi da wannan ba.

"Ban taɓa jin rabi na biyun ba, Nana."

"Ina za ki ji? Waɗanda suka iya sun mutu, ni kuma ban taɓa yin ta a fili ba." Ta soka allura cikin barkono. "Sau ɗaya na yi rakiya a rayuwata. Wata bakwai da aurena na yi wa mijina Uzair, ina da cikin Nazif. Ya tafi Jamus aikin gini, bango ya faɗo masa, a can aka binne shi. Mai waƙa a buɗe ba ta buɗe wata. Shi ya sa Nazif duk tafiyarsa ban taɓa raka shi da ita ba, ruwa kawai nake zuba masa a bakin ƙofa. Shekara hamsin da shida ina riƙe da rabin nan a bakina. Kullum in ina kwaɓa fulawa sai na bi ta a zuci, kada ta gudu."

Hawaye suka zubo wa Ramiza.

"Share fuskarki, ba ki da kyau in kina kuka. Ban yafe ba tukuna. Da muryata aka buɗe, da muryata za a rufe, ko ina so ko ba na so. Sai sun dawo, kuma rana ɗaya, don ba ni da ƙafar zaryar gada. Yaushe ne wannan jefe-jefen takardar naku?"

"Lahadi ta uku a Oktoba. Amma Nana, za a ce da gangan na yi. Za a ce na yi amfani da ke."

"Ai kin riga kin yi. Yanzu ni zan yi amfani da ke. In aka rufe ɗakin nan, wa zai hawo ya duba ni? Behadin?" Ta miƙo hannu tana naɗe hannun riga. "Auna. Kuma ranar ki zo da rikodarki. Wannan karon ni na ce."

A makon nan wayoyin Orlitsa ba su huta ba. Tsofaffin da ba su iya karanta suna a waya ba suka yi layi a ɗakin shan magani, Ramiza tana danna musu lamba, tana jin rabin zancen.

"Camfi? To, camfi ne. Ka zo ka faɗa min a gabana."

"Shago? Uban wa ya ce burek zai ƙare a duniya in ka rufe kwana biyu?"

"Har yaran. Eh, har mai jarrabawar. Kunnenta a toshe yake ranar?"

Duk wanda aka miƙa mata wayar su gaisa, Ramiza takan ce masa laifinta ne, kuma zuwansa gada bai ɗaure shi ya zaɓe ta ba. Behadin ya kira yana ta faɗa, ya ce wannan maguɗi ne da ba a taɓa rubuta irinsa a doka ba. Bayan kwana biyu mahaifiyarsa ta yi masa waya. Bayan kwana uku aka ji ya yi hayar bas biyu daga Belgrad, yana gaya wa mutane dabararsa ce, ai duk wanda ya hau motarsa shi zai zaɓa.

Duk da haka Ramiza ba ta saki jiki ba. Alkawari a waya ba shi da wuya. Ta san mutanenta, ta san kuɗin mai da wahalar bakin iyaka, ta kuma san Oktoba lokacin ciniki ne.

Ranar ta zo da sanyi mai shiga ƙashi, kan duwatsu ya riga ya yi fari. Tun ƙarfe takwas aka kai wa Nana Hajriya kujera bakin gada, aka lulluɓe ta da bargo biyu. Tsofaffi suka jeru a bayanta cikin baƙaƙen rigunansu masu ado, waɗanda ba sa fitowa sai biki. Tara ta yi, ba kowa. Goma ta yi, sai motar mai burodi. Mursel yana ta duba agogo har Ramiza ta ce ya sa hannun a aljihu ko ta yi masa allura. A ranta ta fara shirya yadda za ta kwashe magunguna a kwali.

Goma da rabi ta wuce aka ji ƙugin inji daga ƙasan kwari. Bas ɗaya, bas biyu, sai ƙananan motoci a bayansu kamar jerin tururuwa, masu lambar ƙasashe daban-daban. Suka tsaya a tsallaken gada, don tsofaffi sun riga sun gargaɗe su, da ƙafa ake shigowa. Ba duka suka zo ba. Mursel ya ƙirga ɗari uku da goma sha, ban da yara. Suka tsaya cirko-cirko da idanun rashin barci, wasu suna dariyar kunya, Behadin a gaba yana gyara kwalar kwat.

Nana Hajriya ta ture bargo ta miƙe. Ramiza ta danna rikoda. Muryar ta fito siririya, tana rawa, sannan ta zauna.

*Hanya, kawo abin da na ara miki,*
*na zo karɓa da kaina.*
*Ga gurasa, ga gishiri, ga ƙofa a buɗe.*
*Behadin ɗan Zumbera, ka iso?*

Behadin ya buɗe baki zai yi wasa, sai ya fasa. Da ƙyar ya ce, "Na iso, Nana." Ya tsallako gada, mahaifiyarsa ta kama kunnen nan da ta toshe ta ja shi zuwa ƙirjinta.

Haka aka yi ta yi, suna bayan suna. Wanda ta manta, tsofaffin baya su raɗa mata. Wajen suna na hamsin numfashinta ya fara gazawa, Ramiza ta matso da kujera, tsohuwar ta harare ta. Sai matan da ke bayanta suka ɗauki baitocin, suka bar mata kiran suna kawai. Kafin a kai ɗari, 'yan matan da aka haifa a Viyana, waɗanda harshenmu ke yi musu nauyi a baki, sun haddace ta suna bi. Waƙar da jiya mutum ɗaya ya san ta a duniya, kafin azahar ta zauna a bakin mutum ɗari uku.

Nazif ta bari a ƙarshe. Mutum ne mai sanƙo da furfura a gemu, hannuwansa duk tabon tanda. Ta kira shi, ya amsa, ya tsallako ya tsaya kusa da ita. Tsallaken gada ya zama ba kowa sai motoci. Mutane suka fara motsi za su watse, sai suka ga tsohuwar ba ta juyo ba. Ta sake ɗaukar waƙar daga farko, ita kaɗai, ba wanda ya bi ta. Ta kai ƙarshe tana kallon hanya.

"Uzair ɗan Nafiya, ka iso?"

Ba a jin komai sai ruwan da ke wucewa a ƙarƙashin gada. Ramiza ta ji kamar ta nutse, don ita ta jawo wa tsohuwar nan tsayuwa a gaban gari tana kiran wanda ba zai amsa ba. Sai Nazif ya saki hannun uwarsa. Ya koma tsallaken gada da sauri, ya juyo, ya tako a hankali har gabanta.

"Ya iso, Inna," ya ce. "Ni na kawo shi."

Nana Hajriya ta daɗe tana dubansa. Ta ɗaga hannu ta shafa gemun, ta ce, "Kun daɗe a hanya." Sannan ta zauna, ta yi kukan da ba wanda ya taɓa ganin ta yi, mata suka kewaye ta.

Da ta natsu ta fyace hanci, ta hango Ramiza tsaye da rikoda a hannu, fuska jage-jage.

"Ke kuma tsayuwar me kike yi? Kashe abin nan ki kora su makaranta wurin zaɓe kafin a rufe akwati. Zo ki riƙe ni, ni ma zan jefa."

"Kin yafe min, Nana?"

"Sai na ga hannun da ya ja ni zuwa can, in ya ja da kyau."

Behadin ya sami ƙuri'a ɗari da ashirin, yawanci daga bas ɗinsa ta farko. Ramiza ta sami ɗari biyu da sittin da takwas. A zamanta na farko a majalisa mutane sun fi biyar nesa ba kusa ba, amma ta yi magana minti ashirin ba ta yi tuntuɓe ba, aka ɗage rufe ɗakin. Da ta dawo, ƙanƙara ta fara sauka, ta tarar da tsofaffi takwas a kan benci suna jiran ta, suna faɗa a kan wadda ta riga zuwa.